Motar da Ke Haihuwar Ruwa

Motar Baba sunanta Gwaggo. Ni na raɗa mata tun ina firamare, saboda da safe sai ta yi tari sau uku kafin ta kula kowa, kuma ba ta son a gaggauta ta. Ta girme ni da shekara huɗu. Ƙofarta ta baya ta hagu daga waje kawai take buɗewa, ta dama daga ciki kawai. Hon kuwa, in ka danna sai ta yi shawara tukuna. Amma kada ka kuskura ka faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan a gaban Baba.

Tun da Baba ya yi ritaya aikinta ɗaya ne. Kullum da yamma sai ya goge gilashi da tsummansa, Mama ta fito da jakarta ta zauna a gaba, su lallaɓa har gadar jirgin ƙasa da ke bakin gari, su juyo. Minti arba'in, babu saye babu sayarwa. A gida mutanen nan biyu ba su da zance sai na wa ya ɓatar da rimot, wa ya bar famfo a buɗe. Amma da sun shiga mota sai ka hango bakin Baba yana ta motsi, Mama ta juya wa taga baya tana kallonsa tana dariya. Na taɓa tambayarta me suke cewa. Ta ce in je in nemi tawa motar.

Masifar ta faro ne wata Asabar da Yaya ya kawo mana buhun shinkafa. Yaya shi ne babbanmu, ni ce auta, sauran suna nesa. Ma'aikacin ofis ne, irin wanda ko shayi zai sha sai ya tsara shi a takarda. Ya ga but ɗin Gwaggo bai rufu sosai ba, ya je zai rufe, sai ya leƙa. Galan biyar na ruwa, a jere kamar 'yan makaranta.

"Baba, rijiya za ka buɗe a but?"

"Gwaggo ce ke ɗan jin ƙishirwa," in ji Baba, yana kallon sama.

"Kullum?"

"Wane irin kullum! Kofi ɗaya ne, bayan kwana biyu. Wani lokaci kofi biyu. Ya danganta da kofin."

Yaya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe ƙamas. Ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa, ya sa wannan fuskar tasa ta taro. Ya ce motar da ke shan ruwa ba a ganin inda yake zuba, to injin ne ke shanyewa, kuma wata rana zai tsaya musu cak a tsakiyar titi, mutum mai shekara saba'in da huɗu da matarsa mai ciwon gwiwa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ji haushinsa. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan magana ɗaya: za a kai ta wurin makanike. In ƙaramin abu ne, a gyara. In cikin injin ne, a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, kuma ba za a sayi wata ba. Duk inda suke son zuwa Yaya zai turo musu tasi.

Baba ya ce to. Shi kuwa Baba in ya ce to, shi kenan, ko da to ɗin zai kashe shi. Mama ta shige kicin, muka ji tukwane suna karɓar hukunci. Ni dai na san babu mai kiran tasi ya ce a kai shi gada a juyo da shi don kawai ya yi hira da matarsa.

Ranar Litinin na ɗauki hutun safe daga kantin maganin da nake aiki, muka tafi gareji mu huɗu. Makaniken, Mai Hanci ake ce masa, ba don girman hancin ba, ko da yake Allah bai rage shi ba a nan ma. An ce da sansana yake gane ciwon mota. Garejin nasa rumfar kwano ce mai rami ɗaya a tsakiya, da benci mai ƙafa uku da bulo, da tsofaffin tayoyi jibge a gefe, maƙwabcinsa mai walda yana ta ƙara kamar an aiko shi.

Ya buɗe bonet ya gaishe da Gwaggo kafin ya gaishe mu. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya nuna mana.

"Kun ga baƙi ne wuluk? Alhamdu lillahi. Da ruwa ya shiga, da kun gan shi kamar shayi da madara."

Ya sa Baba ya tayar da ita, ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sansana. Babu farin hayaƙi. Ya bi tiyo-tiyon ruwa ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, ya duba murfin lagireto, ya haska famfon ruwa da tocila. Bai ga komai ba. Sai ya buɗe ƙofar direba ya zura kai zai sansana ciki. Atishawa bakwai ya yi a jere, na ƙirga. Ya fito idanunsa na hawaye.

"Mama, wannan turare naki ai ya kashe min kayan aiki!"

"Motar mijina ce, sai in bar ta tana wari?" in ji Mama. Tana zaune a kujerarta ta gaba, ƙatuwar jakarta a kan ƙafafunta. Tun da muka zo ta ƙi sauka, wai gwiwarta. Ta ma ɗaga gilashi saboda ƙarar mai walda.

Mai Hanci ya ce yana da wani famfo mai agogo da ake gwada irin wannan, amma yana wurin gyara sai ranar Alhamis. Kafin nan za a yi gwajin talakawa. Ya jira injin ya huce, ya zubar da ruwan ciki, ya cika da wani koren ruwa na lagireto, don duk inda ya ɗiga a gan shi. Ya ɗauko jan fenti ya ja layi a jikin ɗan tankin roba na ruwan injin, daidai inda ruwan ya tsaya. Sannan ya ba mu kwalin firji guda.

"Ku riƙa shimfiɗa mata wannan in kun ajiye ta. Ku yi yawonku yadda kuka saba. Kwana uku, kada wanda ya ƙara mata ko ɗigo. In kwali ya jiƙe, ku yi murna, yoyon waje ne, aikin rabin awa. In ruwa ya sauka kwali yana bushe..." Ya ɗaga kafaɗa. Yaya ya rubuta a takardarsa.

Ban taɓa roƙon Allah ya sa mota ta yi yoyo ba sai ranar.

Talata da sassafe, kafin kowa ya fito, na lallaɓa da silifas a hannu. Na jawo kwali, ko ɗigon kore babu. Na buɗe bonet a hankali. Ruwa ya sauka ƙasa da jan layi da faɗin yatsa ɗaya.

Yanzu ku ji abin kunya. Ni ce fa a kantin magani nake yi wa mutane faɗa kullum: kada ka sha magani kafin gwaji, za ka ɓata sakamako, likita ba zai gane ciwonka ba. Har da nuna yatsa nake yi. To ni ɗin ce na koma kicin a guje, na ɗauko butar shayi, na tsiyaya wa Gwaggo har jan layi. Na shafa mata fitila na ce, "Tsakaninmu ne wannan." Na tafi aiki ina jin kaina jaruma.

Laraba da safe na sake fitowa da butata a shirye. Ruwa ya haura jan layi da yatsa ɗaya. Na murza ido. Na sake dubawa. Wallahi sama yake. Ni da na yi karatun kimiyya, maimakon in tsaya in yi tunani, sai na hau rawa a tsakar gida da butar shayi a hannu. Gwaggo ta warke! Na wuce ta gindin igiyar shanya ina juyi, har wani tsohon tawul mai dabbare-dabbaren kore ya mare ni a fuska. Na ce a raina Mama ta sake haɗa wanki da zane mai zuba. Ita da ta yi wata bakwai tana min gori wai ni na ɓatar mata da ɗan kwanon silba na awon sukari, ga ta nan tana ɓata tawul.

Alhamis yatsa biyu da rabi a saman layi, koren ma ya fara koɗewa ya zama ruwa-ruwa. A nan ne jikina ya ɗan yi sanyi.

Mai Hanci ya daɗe yana kallon tankin nan. Ya ciro tabarau ya sa. Ya cire ya goge ya mayar. Ya kira mai walda ya zo ya gani.

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji shi. "Na ga mota mai shan ruwa. Na ga mai zubar da shi. Yau Allah ya nuna min mai haihuwarsa. Baba, kada ka sayar da motar nan, ka ja mata famfo, unguwa ta huta."

Yaya bai yi dariya ba. Ya juyo ya kafe ni da ido, irin kallon da yake min tun ina satar masa biro.

"Auta."

"Sau ɗaya ne, Yaya! Buta ɗaya ma ba ta cika ba. Kuma daidai layi na tsaya, wallahi."

"To wa ya wuce layin?"

Baba ya yi gyaran murya, ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya zaro wata 'yar gorar ruwa ya ajiye a kan benci, kamar mai miƙa makami.

"Ni ban ga layin sosai ba," in ji shi. "Fentin nasa siriri ne. Sai na riƙa zubawa da niyya."

Mai walda ya riƙe ciki ya koma rumfarsa yana tangaɗi. Mai Hanci ya ɗaga gorar ya auna da ido, ya dubi tanki, ya girgiza kai, ya ce shi dai har yanzu yana ganin ruwan ya fi ƙarfin mutum biyu, amma a bar zancen. Yaya ya ce ya bar aikinsa ya zo, ashe gidan ɓarayi ya fito. Amma na ga gefen bakinsa yana rawa.

"Yau babu mai ceton ta da buta," in ji Mai Hanci. Ya ɗauko famfon nan mai agogo. Da injin ya huce, ya cire murfin lagireto ya ɗaura bakin famfon a wurin, ya yi ta bugawa har allurar agogon ta hau. Ya yi mana bayani: iskar za ta matsa ruwan, duk inda kafa take dole ya fito. In allura ta tsaya, lafiya lau. In ta sauka, akwai yoyo, sai a nemo shi.

Muka haɗa kawuna huɗu a kan agogo ɗaya. Allura ta tsaya. Na fara murmushi. Sai ta ɗan sunkuya. Ta ƙara sunkuyawa, a hankali, kamar mai gyangyaɗi.

Mai Hanci ya shiga rami da tocila. Muna jin sa yana sansane-sansane a ƙarƙashin mota. Ya fito, ya ƙara buga famfo, ya koma. Ya bi lagireto layi-layi, ya bi kowane tiyo da farin tsumma, ya zura hannu bayan injin har kafaɗa. Tsumma ya fito da maiƙo da ƙura, babu kore. Karo na uku da ya fito daga ramin bai kalli kowa ba. Ya cire hularsa ya share goshi.

"Baba, ban so in faɗa ba. Allura tana sauka, waje a bushe. In ba waje yake fita ba, to injin ne ke haɗiye shi kaɗan-kaɗan. Sai an sauke kan injin gaba ɗaya, kuma a shekarunta..."

Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya nemi ya ƙarasa. Dariyar da ke cikina ta tsere. Baba ya ce, "To." Ya ciro zoben makullansa ya fara ƙoƙarin zare na Gwaggo. Farcensa ya kasa buɗe zoben. Ya gwada, ya zame, ya sake gwadawa. Yaya ya miƙa hannu zai taimaka, sai ya fasa, ya sa hannun a aljihu ya juya yana karanta wata tsohuwar kalanda da ke jikin rumfa. Ban taɓa ganin ya ji kunyar gaskiyarsa ba sai ranar. Mai walda ma, kamar ya sani, ya kashe injinsa. Garejin ya yi tsit.

Tan.

Wata 'yar ƙara ce siririya, irin ta ɗigon ruwa a kan ƙarfe.

Tan.

Mama ta hau tari daga cikin mota. Tari mai ƙarfi, wanda babu ciwo a bayansa. Da tarin ya ƙare sai ta kama waƙa a hanci, tana buga murfin dashbod da yatsa. Mama, wadda ban taɓa jin ta rera ko tallar sabulu ba.

Mai Hanci ya karkata kai. Ya ƙara wa famfo bugu biyar. Tan, tan, tan. Ya zagaya a hankali zuwa ƙofar Mama, ya buɗe, ya toshe hancinsa da hula saboda turare, ya durƙusa.

"Mama, ɗan ɗaga min jakar nan."

"Gwiwata ke ciwo."

"Allah ya ba da lafiya. Jakar na ce."

Mama ta dubi Baba, ta dubi Yaya, ta dubi rufin mota. Sannan ta ɗaga jakar ta rungume. A ƙarƙashi akwai tawul a ninke. A kan tawul ɗin, matse tsakanin duga-duganta biyu, ɗan kwanon silba ne, koren ruwa ya rufe gindinsa. Muna kallo wani ɗigon ya taru a ƙasan dashbod, ya yi nauyi, ya faɗo ciki.

"Kwanon sukari!" na yi ihu. "Mama! Wata bakwai kina ce min mai hannun ɓarna!"

Mai Hanci ya zura kai ƙarƙashin dashbod, ya lakato ruwan ya kai hanci. Sai ya miƙe ya jefa hularsa sama.

"Hita ce! Baba, hita ce! Wani ɗan ƙaramin lagireto ne a ɓoye a nan, shi ke ɗumama cikin mota lokacin sanyi. Ruwan injin yana bi ta cikinsa, shi ne ya tsufa ya huje. Injinka lafiyarsa ƙalau, ya fi nawa ƙirjin! In haɗe tiyo biyun nan a waje, ruwa ya daina bi ta can, shi kenan. Sai dai ba za ka ƙara samun ɗumi ba."

"Ashe tana da ɗumi?" in ji Baba.

Yaya ya zauna daɓas a kan taya. Dariya yake yi har ba sauti, takardarsa ta faɗi cikin maiƙo bai ko kula ba. Ni kuwa na rungume Mai Hanci, na tuna ba a yin haka, na sake shi na rungume bonet.

Mai Hanci ya share hawaye ya ce, "Mama, to ruwan da kike tarawa fa, ina kike kai shi?"

"Ina zan kai shi? Nata ne. Da safe in na fito shanya sai in mayar mata. In ya yi kaɗan in ɗan ƙara."

"Ga ta ukun!" in ji shi, yana nuna tanki. "Na ce ruwan nan ya fi ƙarfin mutum biyu!"

Da aka lafa, Yaya ya taso ya durƙusa a bakin ƙofarta. "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba? Da kin nuna masa tun ranar Litinin, da an gama. Saura ƙiris fa a kai ta wurin masu ƙarafa, saboda kwanon nan."

Mama ta haɗe rai, amma muryarta ta yi ƙasa. "Ni na san hita? Ni dai na ga ruwa ya baro injin, ya ratso ƙarfe, ya iske mutum har kujerarsa. Ɗakin da ruwa ke zubo wa mutum a kai ai ba a tambayar lafiyar rufinsa. Na ce ranar da kuka gani, ranar za ku raba shi da ita. Na san ku."

Baba kuwa yana tsaye da zoben makullai a hannu, na Gwaggo ya fito rabi ya maƙale. Ba kwanon yake kallo ba, Mama yake kallo.

"Wata bakwai?" ya ce.

"Da 'yan kwanaki."

"Shi ya sa kika daina juyowa. Sai in yi ta magana, kina zaune a miƙe kina kallon titi. Na ɗauka kin gaji da hirata ne. Har na fara rage labaran."

Idanun Mama suka ciko, ta yi maza ta murtuke.

"Malam, kwano nake riƙe da ƙafa biyu, a kan wannan tuƙin naka da ba ka kauce wa rami. Ta yaya zan juyo?"

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon, sai Baba shi kaɗai, a hankali. Yaya ya karɓi zoben daga hannunsa, ya mayar da makullin Gwaggo wurinsa da farcensa mai ƙarfi, ya danƙa masa a tafin hannu. Mai Hanci ya yanko guntun tiyo ya hau aiki, bai kai rabin awar ba ma.

Da yamma Baba ya goge gilashi da tsummansa. Mama ta fito ba tare da ƙatuwar jakar ba, ta miƙo min kwanon silba ta ce in wanke shi sau uku, kuma kada in sake ɓatar da shi. Gwaggo ta yi tarinta ta tashi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon su ta gilashin baya. Tun kafin su kai kwanar layinmu Mama ta naɗe ƙafa ɗaya a kan kujera, gwiwar mai ciwo kuwa, ta juya wa taga baya. Ranar sai da suka yi awa ɗaya da rabi kafin su dawo.